Awon Guba da Haske: Abin da Manomi da Falke Ya Kamata Su Sani Kafin Kai Samfur Ɗakin Gwaji

GABATARWA

Ɗan'uwa manomi, tun kaka da kakanni ido da hanci da haƙori su ne ma'aunin hatsi a kasuwanninmu. Mai saye kan zura hannu cikin buhu ya ɗebo, ya duba, ya sansana, ya gatsa ƙwaya ɗaya, sannan a shiga ciniki. Wannan awo yana da amfaninsa har gobe, domin yana bambanta ɗanye da busasshe, yana kuma tona wanda ƙwari suka ci. Sai dai akwai gubar da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ita ce manyan masu saye suka fi tsoro a yau.

Masu haɗa abincin kaji, da kamfanonin sarrafa abinci, da masu fitar da kaya ƙasashen waje, da yawansu ba sa karɓar masara ko gyaɗa sai an auna ta. Mota kan taso daga kasuwar Dawanau a Kano, ta ci tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, 'yan'uwanmu fatake na Agege ko na Mil 12 su kai kayan ƙofar kamfani, sai a dawo musu da su saboda wata lamba da aka rubuta a takarda. Kuɗin mota ya tafi, farashi ya karye, asarar kuma takan gangaro har kan wanda ya noma.

Wannan darasi zai bayyana maka inda lambar nan take fitowa: yadda na'ura ke amfani da haske ta auna yawan sinadari a cikin samfur, da ma'anar abin da ta rubuta, da kuma aikin da ya rataya a wuyanka kai mai kaya. Babban abin da muke so ka riƙe shi ne: na'ura tana faɗin gaskiyar abin da aka zuba mata ne kawai. Idan samfur bai wakilci kayanka ba, sakamakon ma ba na kayanka ba ne.

GUBAR DA AKE NEMA

Gubar da aka fi aunawa a masara da gyaɗa da agushi da barkono ita ce aflatoksin. Wata funfuna ce mai suna Aspergillus flavus, da 'yar'uwarta Aspergillus parasiticus, ke samar da ita. Funfunar tana zaune a cikin ƙasar gona, tana shiga amfani tun yana tsaye, musamman idan fari ya galabaita shi ko ƙwari sun huda shi, sannan ta ci gaba da yaɗuwa a ma'aji idan akwai laima da ɗumi.

Duniya ta farga da wannan guba a shekarar 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. A shekarar 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutane 317 suka kamu da ciwo bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 daga cikinsu suka rasu. Cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana jawo ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yakan ninka ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Kaji kan rage ƙwai da girma, saniyar da ta ci kuma takan fitar da wani ɓangare na gubar a cikin nononta. Dafuwa ko suya ba sa kawar da ita, saboda haka tana iya bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da yajin tsire.

YADDA HASKE KE AUNA SINADARI

Ɗauki kofin gilashi biyu na zoɓo, ɗaya mai kauri ɗaya tsararo, ka ɗaga su ka kalli rana ta cikinsu. Za ka ga haske ya fi ratsa tsararon. Dalili shi ne launin zoɓo yana shanye haske, kuma gwargwadon yawan launin gwargwadon hasken da zai shanye. Wannan ita ce ƙa'idar da dukkan na'urorin awon launi suka ginu a kanta. Masana biyu, Lambert a 1760 da Beer a 1852, su ne suka tsara ta da lissafi, shi ya sa ake kiranta dokar Beer da Lambert.

Ga yadda lissafin yake. Idan wani adadi na sinadari ya shanye rabin hasken da aka haska, ninkinsa biyu zai bar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya wuce, ninkinsa uku kuma kashi ɗaya cikin takwas. Na'ura takan juya wannan raguwa ta mai da ita lamba mai hawa daidai da yawan sinadarin.

Kowace irin wannan na'ura tana da sassa biyar:

1. Fitila mai ba da haske.
2. Matatar haske, mai zaɓar launi ɗaya tak ta tare sauran. Ana auna launin haske da ma'aunin nanomita. Idon ɗan'adam yana ganin abin da ke tsakanin kimanin 400 zuwa 700.
3. 'Yar kwalba mai garai-garai da ake zuba ruwan samfur a ciki.
4. Idon lantarki, mai karɓar hasken da ya iso gare shi ya mai da shi wutar lantarki.
5. Allo mai nuna lamba.

Na'ura ba ta san sunan kowane sinadari ba, haske kawai take ƙirgawa. Saboda haka kafin a fara aiki sai an saita ta, kamar yadda ake saita sikeli da dutsen awo. Da farko a sa ruwan da ba shi da sinadarin, a ce mata wannan shi ne sifiri. Sannan a sa ruwaye da aka riga aka san ƙarfinsu. Alal misali, idan mai ƙarfi 1 ya ba da 0.10, mai ƙarfi 2 ya ba da 0.20, mai ƙarfi 3 ya ba da 0.30, sai samfur ɗinka ya ba da 0.25, to ƙarfinsa 2.5 ke nan. Da haka ake auna sinadarin fosfaras a ƙasar gonarka: a jiƙa ƙasar a tace, a ɗiga wani magani da ke mai da ruwan shuɗi, zurfin shuɗin ya nuna yawan fosfaras, daga nan a ba ka shawarar takin da ya dace.

YADDA AKE AUNA AFLATOKSIN

Aflatoksin tana da wata ɗabi'a da ta sauƙaƙa kama ta. Ka san fitilar nan da 'yan canji da ma'aikatan banki ke haska takardar kuɗi da ita don gane jabu? Irin haskenta, wanda ke wajen nanomita 365, idan ya sauka a kan aflatoksin sai ta shanye shi ta mayar da nata hasken. Nau'i biyu suna ba da shuɗi, biyu kuma kore, shi ya sa aka raɗa musu B1 da B2 da G1 da G2, daga haruffan farko na sunayen launukan a Turanci. B1 ita ce mafi haɗari, kuma ita aka fi samu. A nan ba hasken da ya ratsa ake aunawa ba, sai wanda gubar ta fitar da kanta. Hanyoyin awo da za ka fi cin karo da su guda huɗu ne.

Na ɗaya, na'urar awon ƙyalli. Ana niƙa samfur ya yi laushi, a auni giram 25 zuwa 50, a kaɗa shi da ruwan sinadarin metanol domin ya jawo gubar, a tace. Sai a bi da ruwan ta cikin wani ɗan bututu mai ɗauke da abin da ke riƙe aflatoksin kaɗai ya saki sauran datti. A wanke bututun, a sauko da gubar cikin 'yar kwalba, a ƙara maganin da ke ƙarfafa ƙyallinta, a sa a na'ura. Yawan ƙyalli, yawan guba.

Na biyu, tsinken gwaji. Ya yi kama da wanda ake gwajin zazzaɓin cizon sauro da shi a asibiti. Ana tsoma shi cikin ruwan da aka tace, bayan 'yan mintoci layuka su fito. Amma a kula, karatunsa a juye yake: idan layin gwaji ya fito rangaɗaɗau, guba kaɗan ce ko babu, idan ya dusashe ko ya ɓace, guba ta yi yawa. Da yake ido kan yi gardama a kan dusashewar layi, akwai 'yar na'ura da ke haska tsinken ta auna duhun layin ta ba da lamba. Wannan hanya ita ce ta fi dacewa da ƙofar kamfani da ma'ajiyar ƙungiyar manoma.

Na uku, gwajin ELISA, wanda ake yi a faranti mai ƙananan ramuka 96, ana auna samfur da yawa a lokaci guda. Shi ma a juye yake: ramin da launinsa ya fi kodewa shi ya fi guba. Na'ura na karanta launin a nanomita 450.

Na huɗu, babbar na'urar HPLC, wadda ke rarrabe nau'o'in huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin idon lantarki ya auna ƙyallin kowanne. Ta fi sauran tsada da ɗaukar lokaci, amma ita ake komawa gare ta idan gardama ta tashi, ko za a fitar da kaya waje.

GARGAƊI: Wasu kan haska fitilar duba kuɗi a kan fasasshiyar masara, idan suka ga ƙyalli mai ruwan ɗorawa da kore su ce ga guba. Wannan ƙyalli ba na aflatoksin ba ne, na wani sinadari ne dabam da funfunar ke fitarwa. Alama ce ta cewa funfunar ta ratsa wurin, amma ba awo ba ne. Masara na iya ƙin yin ƙyalli alhali tana ɗauke da guba.

MA'ANAR LAMBAR DA KE TAKARDA

Sakamakon aflatoksin yakan zo da haruffa uku, ppb, wato kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya. Domin ka gane ƙanƙantarsa, ppb 1 daidai yake da giram ɗaya na guba a cikin tan 1,000, wato buhu 10,000 masu kilo 100, lodin tirela fiye da talatin.

Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa karɓar gyaɗar da za a ci kai tsaye idan jimlar aflatoksin ta wuce ppb 4, ko B1 kaɗai ta wuce ppb 2. Hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa iyakar ppb 15 ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa. Amurka kuwa ta tsaya a ppb 20 ga abincin mutane. Saboda haka kaya ɗaya na iya wucewa a wannan kasuwa ya faɗi a waccan. Kafin ka yi lodi, tambayi mai saye iyakar da yake aiki da ita, kuma a rubuta ta cikin yarjejeniya.

Haka kuma ka sani kowace na'ura da aikinta. Takardar da ta wanke kayanka daga aflatoksin ba ta ce komai ba game da maganin ƙwari. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin DDVP, wanda wasu ke zubawa cikin buhu don kashe ƙwari, aka kuma tsawaita hanin a 2016. Wannan awo ne dabam, da na'ura dabam.

ƊIBAR SAMFUR: INDA AKA FI YIN KUSKURE

Bahaushe ya ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. A sha'anin aflatoksin maganar nan ba karin magana kawai ba ce, zahiri ce. Gubar ba ta bazuwa daidai cikin buhu kamar gishiri a miya. Takan taru ne a cikin 'yan ƙwayoyi ƙalilan, sauran kuma lafiya lau. Bincike ya nuna cewa mafi yawan saɓanin da ake samu tsakanin sakamako biyu na kaya ɗaya daga ɗibar samfur yake fitowa, ba daga na'ura ba.

Bari mu yi lissafi da misali. Ƙwayar gyaɗa ɗaya tana kai kusan rabin giram, saboda haka buhu mai kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa yana ɗauke da ƙwaya kusan 200,000. A ce goma kacal ne suka lalace, kowace tana ɗauke da ppb 100,000, adadin da akan samu a ƙwayar da funfuna ta cinye. Idan aka niƙe buhun duka aka gauraya, zai ba da ppb 5, ya haura iyakar Turai ke nan. To, a ce ka zura hannu ka ɗebo giram 100, wato ƙwaya 200. Cikin ɗiba ɗari, kusan 99 ba za su haɗa da lalatacciya ko ɗaya ba, na'ura ta ce sifiri. A ɗiba ɗaya da ta faɗa kan lalatacciyar kuwa, na'ura za ta ce ppb 500. Duka amsoshin biyu ba gaskiyar buhun ba ne, kuma ba laifin na'ura ba ne. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar Codex ta nemi samfur mai nauyin kilo 20 daga lodin gyaɗa.

Ga matakan da za ka bi:

1. Ware kaya kashi-kashi. Kada ka haɗa na gonaki dabam-dabam, ko tsoho da sabo, ko wanda ruwa ya taɓa da busasshe, a ƙarƙashin samfur ɗaya.
2. Ɗebo kaɗan-kaɗan daga buhuna masu yawa, ba mai yawa daga buhu ɗaya ba. Idan buhunan ba su wuce goma ba, a taɓa kowanne.
3. Yi amfani da ƙarfen zungura buhu mai tsawo, ka ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, ka haɗa da buhunan da ke jikin bango da na ƙasan jibgi.
4. Kada ka tsince munana daga cikin samfur. Wanda ya yi haka kansa ya yaudara, domin mai saye zai ɗebi nasa.
5. Haɗa abin da ka ɗebo wuri guda, ya kai aƙalla kilo 5 zuwa 10 ga babban kaya. A niƙe shi duka a gauraya kafin a cire 'yan giram ɗin da za a auna.
6. Zuba samfur cikin jakar takarda ko ta yadi mai tsabta, a busasshen wuri marar rana. Leda takan tara gumi idan hatsi bai bushe sosai ba.
7. Rubuta sunanka, da nau'in kaya, da yawan buhuna, da ranar ɗiba. Raba samfur biyu bayan niƙa, ka ajiye rabi saboda ranar gardama.

INDA ZA A KAI SAMFUR

Ga mazauna Legas, Oshodi ita ce cibiyar wannan aiki. A nan ne babban ɗakin gwajin abinci na hukumar NAFDAC yake, wadda aka kafa da dokar 1993, kuma awon gubar funfuna na daga cikin ayyukansa. A nan kuma Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya take, wato FIIRO, wadda aka kafa a 1956, ta kuma yi suna wajen binciken sarrafa rogo da hatsi. Gubar sayanaid da ke cikin garin rogo ma da launi ake auna ta: wata takarda mai ruwan ɗorawa takan rikiɗe ta yi ja-ja gwargwadon yawan gubar, na'ura ta karanta. A Arewa kuwa, a tuntuɓi malamin gona domin ya haɗa ka da ɗakunan gwaji na cibiyoyin bincike da jami'o'i, kamar na Samaru a Zariya.

Idan ka karɓi takarda, duba abubuwa huɗu: hanyar da aka bi wajen awo, ko lambar ta B1 ce kaɗai ko ta jimla, mafi ƙanƙantar adadin da na'urar ke iya gani, da ranar awo. Rubutun "ba a gano ba" yana nufin gubar ba ta kai abin da na'urar ke iya gani ba. Sannan takarda tana bayanin ranar da aka ɗebi samfur ne kawai. Iskar Legas tana da laima ƙwarai, musamman da damina. Hatsin da ya bushe ƙayau a Kano yana iya shan danshi idan ya yi makonni a shagon da ke yoyo ko a kan dandamalin siminti a Agege. Shawararmu ita ce a auna tun a Arewa kafin a biya kuɗin mota, a kuma sake aunawa idan kaya sun daɗe a ajiye. Manoman da ke cikin ƙungiya suna iya haɗa kuɗi su sayi tsinken gwaji da na'urar karanta shi, a horar da mutum biyu daga cikinsu.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Na'ura ba ta cire guba, faɗa maka kawai take yi. Maganin yana gona da ma'aji:

1. Shuka da wuri, da iri mai jure fari, domin amfani ya nuna kafin ɗaukewar ruwa.
2. Yi amfani da Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar tare da abokan aikinta, NAFDAC kuma ta yi masa rajista a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta yin guba, domin ta riga mai gubar kama wuri. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure, lokacin da ƙasa ke da danshi.
3. Girbe a kan kari, kuma a kula kada fartanya ta fasa kwanson gyaɗa.
4. Shanya a kan tamfol ko dakali, ba a kan ƙasa ko gefen kwalta ba. Masara ta bushe har laimarta ta sauko kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka, ɓararriyar gyaɗa kuma kashi 7 zuwa 8.
5. Tsince yanƙwanannu da fasassu da masu sauyin launi kafin a zuba a buhu. 'Yar'uwa mai ƙuli-ƙuli, kada arha ta ja ki ga sayen tsintar da aka ware. A nan gubar ta fi taruwa. Kada kuma a zuba wa kaji ko awaki, a binne ta ko a ƙone.
6. Jera buhuna a kan katako, nesa da bango. Buhu mai leda biyu a ciki, irin na PICS, yana hana ƙwari ba tare da magani ba, muddin hatsin ya bushe kafin a ɗaure.

KAMMALAWA

Ɗan'uwa, na'urar haske ba abokiyar gābarka ba ce. Ita ce shaidar da za ta tsaya maka a gaban mai saye ranar da kayanka suke da kyau, ita ce kuma za ta hana ka ciyar da iyalinka abin da zai cuce su. Naka aikin shi ne ka bushe kaya da kyau, ka ɗebi samfur da gaskiya, ka karanta takarda da fahimta.

TAMBAYOYIN BITA

1. Me ya sa ake saita na'ura kafin a fara awo?
2. Idan layin tsinken gwaji ya dusashe, me hakan ke nufi?
3. Me ya sa ɗiban hannu ɗaya daga bakin buhu ba ya isa samfur?
4. Waɗanne abubuwa huɗu za ka duba a takardar sakamako?

Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko ofishin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta jiharku. Allah Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, amin.